Daga Hamburg Zuwa Ƙarshen Norwe a Jirgin Ruwa, a Watan da Rana Ba Ta Faɗuwa

A makon ƙarshe na watan Yuni muka tashi daga Hamburg ta ƙasar Jamus, tafiyar dare 14 a jirgin ruwan yawon buɗe ido: tasha takwas a gaɓar Norwe da yini biyar a tsakiyar teku. Bergen, Geiranger, Alesund, Tromso da Honningsvag a hawa arewa, sai Leknes, Flam da Stavanger a dawowa. Abin da ya fi komai daraja a wannan tafiya ba ya cikin jirgin, ba ya ma cikin garuruwan. Yana kan hanya, a sa'o'in da jirgi ke kutsawa cikin fiyod, wato siririn mashigin teku a tsakanin duwatsu, kuma yawanci tsakanin ƙarfe huɗu da takwas na safe ake yin hakan, lokacin da mafi yawan fasinjoji ke barci. Duk shirin da zan faɗa a nan, don a samu waɗannan sa'o'in ne cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali.

Zaɓen tashar da za a hau jirgi ba ƙaramin abu ba ne ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana. Jirage da yawa daga Southampton ta Ingila suke tashi, wanda kuwa zai hau a can yana buƙatar biza biyu, ta Birtaniya da ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama. Wanda ya hau a Hamburg ko Kiel ko Kopenhagen, ta Shengen kaɗai ta ishe shi, domin Norwe tana cikin wannan yarjejeniya duk da cewa ba ta cikin Tarayyar Turai. Ƙa'idar ita ce a nemi bizar a wurin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, a nan Norwe ke nan, ba Jamus ba. Kuɗin bizar Yuro 90 ne tun 2024, kuma sai da inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba. A duba jerin tasoshin da kyau: idan akwai ko da tasha ɗaya a Birtaniya a tsakiya, ana buƙatar bizarta da kuma ta Shengen mai shiga fiye da sau ɗaya. Cewa “ai ba zan sauka a can ba” ba ya aiki, tun a ƙofar hawa za a mayar da mutum, kuma ba a dawo da kuɗi. Kamfanonin jirage ba sa ɗaukar mai juna biyu da cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, haka jaririn da bai kai wata shida ba. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, dokar Turai ta hana shiga da nama daga waje. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ba nama ba ne, amma babu inda za a dafa su, domin an hana butar lantarki da dutsen guga da duk abin da ke zafi a ɗakunan jirgi saboda gobara.

Hamburg tana da wuraren hawa uku, Steinwerder da Altona da HafenCity, kuma ba kusa da juna suke ba, sai a karanta tikiti a san wanne ne. A isa garin kwana ɗaya kafin ranar tashi, saboda jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya yi latti. A bakin tasha ake karɓar manyan akwatuna, ba za a sake ganinsu ba sai da yamma a ƙofar ɗaki, don haka fasfo da magani da rigar sanyi su zauna a jakar hannu. Ana ba kowa kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, kuma da shi ake sayen komai a ciki. Kafin a tashi ana yin atisayen ceto, kowa ya san wurin taruwarsa da yadda ake ɗaura rigar ceto. Alamar haɗari ita ce busa gajera sau bakwai da doguwa sau ɗaya. Daga nan jirgi ya bi kogin Elbe kimanin kilomita 100 kafin ya fita teku.

Yinin farko a Tekun Arewa ake yinsa, nan ne kuma ake gane wanda ya zaɓi ɗaki da ilimi. Jirgi yana rausaya ne kamar lilo: gaba da baya da benayen sama su suka fi motsi, tsakiyar jirgi a ƙananan benaye ya fi zama daram. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a nan, ko da ba shi da baranda. Hajijiya da tashin zuciya suna zuwa ne idan kunne yana jin motsi amma ido yana ganin bango a tsaye, shi ya sa kwanciya a ɗaki marar taga ko ƙura wa waya ido ke ƙara ta'azzara abin. A fita waje a kalli inda sama ta haɗu da ruwa, a ci abu busasshe kaɗan-kaɗan, a tauna citta. Maganin jiri kuwa kafin a shiga igiyar ruwa ake shansa, idan amai ya fara ba ya zama a ciki. Wuraren da suka fi tangal-tangal sanannu ne: Tekun Arewa, gefen tsirin ƙasa na Stad tsakanin Bergen da Alesund, da Hustadvika. A Hustadvika ne a watan Maris na 2019 injinan jirgin Viking Sky suka mutu cikin guguwa da mutum 1,373 a ciki. Bincike ya nuna baƙin man da ke tankunan injin ya yi ƙasa, rausayar jirgi ta sa famfo ya riƙa zuƙar iska, injinan suka kashe kansu, aka kwashe mutum fiye da 400 da jirage masu saukar ungulu. A lokacin sanyi ne abin ya faru, teku ya fi lafawa a Yuni da Yuli, amma wannan ya isa dalilin da zai sa a saurari atisayen ceto da gaske.

Waya ma tana da nata tarkon. Da an yi nisa da gaɓa sai ta kama layin jirgi mai aiki da tauraron ɗan Adam, wanda ke cin kuɗi ninkin-ba-ninkin. A sa ta a yanayin jirgin sama a teku, a buɗe ta a tasha.

Bergen gari ne na ruwan sama, yana samunsa fiye da kwana 200 a shekara, kuma da yayyafi ya tarbe mu. Laima ba ta da amfani sosai saboda iska, rigar ruwa mai hula ita ce magani. Tufafin wannan tafiya hawa uku ne: na ciki mai ɗumi, suwaita a tsakiya, rigar ruwa mai tare iska a sama, yadda za a iya cirewa da mayarwa sau da yawa a yini. Mai sa doguwar riga ko abaya ya sa wando mai kauri a ciki, kuma a samu takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa. Daga tasha ana iya takawa zuwa Bryggen, jerin gidajen katako na fataken Hansa, Jamusawan da suka kafa ofishinsu a nan wajen 1360 suna sayen busasshen kifi daga arewa suna kawo hatsi. Gidajen da ake gani yanzu bayan gobarar 1702 aka sake gina su bisa tsohon tsari, UNESCO ta sa su a jerinta a 1979. Kada a tsaya a fuskar titi, a shiga lungunan da ke bayansu, inda katakon ya karkace kuma ƙugiyoyin ɗaga kaya suke rataye har yau. Ƙaramin jirgin ƙasan Floibanen, da aka buɗe a 1918, yana hawa dutsen Floyen mai tsayin mita 320 cikin 'yan mintoci. Da sassafe ake zuwa, kafin layi ya yi tsawo. Kuɗin ƙasar kurona ne, ba Yuro ba, amma kusan komai da kati ake biya, har bayan gida na kan titi. Ba na ba da shawarar canza kuɗi mai yawa. Kaya suna da tsada ƙwarai, ruwan famfo kuwa mai kyau ne, gora ɗaya ta isa a riƙa cikawa.

Sai Geiranger. Fiyod kwari ne mai zurfi wanda tulin ƙanƙara mai tafiya ya ƙwaƙule a cikin dutse tsawon dubban shekaru. Da ƙanƙarar ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai teku ya shigo ya cike kwarin. Shi ya sa gefunansa suke a tsaye kamar bango, kuma yadda dutsen ya miƙe sama haka ya nutsa ƙasa, har babban jirgi yana iya wucewa dab da dutse ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Tun a bakin teku ƙaramin jirgi yake kawo matuƙin gida wanda ya san ruwan, ya hau ta tsani a gefen jirgi, ya tsaya tare da kyaftin har a isa.

Ƙarfe huɗu da rabi na fito saman jirgi, gari ya riga ya waye tangararan. Mun bar buɗaɗɗen teku, igiya ta kwanta, ruwan ya zama kore mai duhu, sumul kamar madubi. Jirgi yana bin Storfjord, ya karkata cikin Sunnylvsfjord, sannan ya shiga Geirangerfjord mai tsawon kilomita 15. Sanyin wannan lokaci yana ratsa ƙashi saboda iskar tafiya, dole sai da hula mai rufe kunne da safar hannu. A hannun hagu in ana shiga ake ganin magangarar ruwan da ake kira 'Yan'uwa Mata Bakwai, igiyoyin ruwa bakwai suna zubowa gefe da gefe, a hannun dama kuma guda ɗaya mai kauri da suke kira Mai Neman Aure. Ƙarfinsu daga narkewar ƙanƙara yake, don haka a Yuni suna cike, zuwa ƙarshen Agusta wasu sun zama zare. Wannan kaɗai ya sa nake fifita Yuni. Idan aka ɗaga kai za a hangi gonakin da aka yi watsi da su a kan ɗan tudun da ke maƙale a jikin dutse, kamar Skagefla, inda mutane suka yi kiwo da noma ɗaruruwan mita a saman ruwa. Wannan wuri da Naeroyfjord tare suka shiga jerin UNESCO a 2005.

Ƙauyen Geiranger mazaunansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, jirgi ɗaya kuwa yana iya sauke mutum dubu uku. Akwai gada mai yawo a kan ruwa da ake miƙo wa jirgi guda, sauran su tsaya a tsakiya ana jigilar mutane da ƙananan jiragen ceto. A ranar jigila ana karɓar lamba, waɗanda suka sayi yawon kamfani su ake fara saukewa, kuma fita tana iya cin awa guda. Wanda ya yi alkawari da mota a waje ya sa wannan a lissafi. Hanyoyi biyu ne na kallo daga sama: Hanyar Mikiya mai kwana 11 masu kaifi, da Dalsnibba mai tsayin mita 1,500, inda ƙanƙara take a gefen titi ko a Yuli. Kafin a biya kuɗin Dalsnibba a kalli sama: idan gajimare ya rufe kawunan duwatsu, babu abin da za a gani a can sai farin hazo, gara a tsaya a Flydalsjuvet da ke ƙasa. Mutanen yankin suna zaune da wani haɗari da suka sani: dutsen Akerneset yana da tsaga mai buɗewa a hankali, ana sa ido a kanta da na'urori dare da rana, domin a 1934 ɓangaren dutse ya faɗa ruwa a Tafjord da ke kusa, igiyar da ta tashi ta kashe mutum 40. Hayaƙin jirage ma yana taruwa a kwarin in babu iska. Majalisar Norwe ta yanke a 2018 cewa sai jirage marasa hayaƙi ne za su riƙa shiga, an kuma ɗaga wa manyan jirage wa'adin zuwa 2032. Wanda ya ga shuɗin hayaƙin yana rataye tsakanin duwatsun da safe zai goyi bayan wannan doka.

Alesund, da 'yan garin ke furtawa Olesun, ta ƙone a daren 23 ga Janairu 1904, mutum kusan 10,000 suka rasa matsuguni, aka sake gina ta da dutse da bulo cikin salo guda mai hasumiyoyi da zane a bango. Matakala 418 ce zuwa saman dutsen Aksla. Rabin yini ya isa.

Da jirgi ya haye Da'irar Aktik, wani layi a taswira a can arewacin duniya, wajen digiri 66 da rabi, sai rana ta daina faɗuwa. A Tromso tana nan a sama daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli. Tsakar dare tana saukowa ta arewa, ta yi ja kamar ta bayan la'asar sakaliya, sai ta sake hawa. Jiki yana rikicewa, barci ya ƙi zuwa, don haka a rufe labule da kyau, a ɗaure ido da ƙyalle, a kwanta bisa agogo.

Ga Musulmi maganar ta fi ta barci. Ko a Bergen, rana tana faɗuwa bayan ƙarfe 11 na dare ta fito jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa a tsakani, wato alamar Isha'i da ta Asuba sun haɗe. A arewacin da'irar kuwa babu Magariba sam. Manhajojin waya a nan suna ba da lokuta marasa kan gado ko su bar gurbin a fili. Malamai sun yi magana a kan ƙaddara lokaci: ko a bi gari mafi kusa da dare da rana suke rarrabuwa, ko a bi lokutan Makka. Musulmin Tromso, da ke da masallacinsu na Alnor a tsakiyar gari, lokutan Makka suke bi a wannan yanayi. A zauna da malami tun a gida a tsayar da abin da za a bi, haɗe da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, a rubuta a takarda. Alƙibla ma ba gabas ba ce kamar yadda muka saba. A Bergen kudu maso gabas take, wajen digiri 133 daga arewa, a Tromso ta ƙara karkata kudu zuwa wajen 154. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa saboda ƙarfen jirgi, gara a duba talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya fuskanta a taswira. Banɗakin jirgi ba shi da buta, a zo da ƙaramar roba. Masan kuma da iska yake zuƙa ta siririn bututu, abu kaɗan aka jefa sai ya toshe layin ɗakuna da yawa.

Abinci yana da yawa, amma naman alade yana cikin tsiran safe da miya da yawa, wasu miyoyin kuma da giya ake dafa su. A sanar da kamfani buƙatar halal makonni kafin tafiya, a maimaita wa shugaban masu hidimar abinci a daren farko. Kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar. A wanke hannu da sabulu kafin kowane ci, domin ƙwayar cutar amai da gudawa da ke yaɗuwa a jirage ba ta jin man goge hannu sosai, kuma ganin likitan jirgi da kuɗi ne.

Daga Honningsvag mota ke kai mutane dutsen Nordkapp, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai a tsibirin da babu bishiya, sai garken dabbobin Samawa, 'yan asalin yankin, masu kama da barewa da manyan ƙahoni, waɗanda suke kawowa kiwo a wannan lokaci. Bakin dutsen yana da tsayin mita 307 a saman teku, a digiri 71. Hazo yana iya rufe wurin cikin mintoci ya kuma yaye haka, sai a yi haƙuri a jira a cikin ginin baƙi. Ana tallata shi a matsayin ƙarshen Turai, alhali wani ɗan tsiri da ke kusa, Knivskjellodden, ya ɗan fi shi kutsawa arewa. Abin lura shi ne teku a nan ba ya daskarewa ko a tsakiyar sanyi, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Tekun Atlantika.

A tsibiran Lofoten, inda tashar Leknes take, na tarar da abin da ya haɗa mu da mutanen Norwe. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kod yana zuwa daga Tekun Barents don yin ƙwai, a kama shi, a rataye a kan manyan rumfunan katako ba gishiri ba hayaƙi, iska da sanyi su busar da shi har ya rasa kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa. Lokacin da muka je an sauke yawancin gangar jikin, kawunan ne suka rage a ɗaure dami-dami. Mafi kyawun kifin Italiya ake kai wa, kawunan kuwa Najeriya ce babbar kasuwarsu. Shi ne busasshen kifin da 'yan kudu ke kira okporoko ko panla, wanda ake gani a kasuwannin Sabon Gari.

Flam tana can ƙuryar wani reshe na Sognefjord, fiyod mafi tsawo a Norwe, kilomita 205 da zurfin da ya haura mita 1,300. Wannan ma shigar asuba ce, kuma ta fi ta Geiranger tsawo. Jirgin ƙasan Flam, da aka buɗe a 1940, yana hawa kilomita 20 zuwa Myrdal mai tsayin mita 866 cikin kusan awa guda, ta ramukan dutse 20 waɗanda 18 daga cikinsu da hannu aka haƙa, yana kuma tsayawa 'yan mintoci a magangarar Kjosfossen. Tikitinsa yana ƙarewa a ranar da jirgin ruwa ya zo, a saya ta intanet tun da wuri. A nan ne ya kamata a riƙe dokar lokaci da kyau. Kowace tasha ana rubuta lokacin da kowa zai kasance a cikin jirgi, yawanci rabin awa kafin tashi. Ana jiran motar yawon kamfani in ta makara, amma ba a jiran wanda ya fita da kansa, shi zai biya kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba. A zaɓi jirgin ƙasan da zai dawo aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin, a kuma ɗauki hoton lambar wakilin jirgi da ke takardar shirin yini.

Stavanger garin man fetur ne tun da aka gano rijiyar Ekofisk a 1969. Jirgi yana tsayawa dab da tsohuwar unguwa mai fararen gidajen katako, gidan tarihin man fetur kuma tafiyar ƙafa ce. Dutsen Preikestolen mai tsayin mita 604 yana cin kusan awa huɗu zuwa da dawowa a ƙafa, ban da tafiyar mota, don haka idan tsayuwar ba ta kai awa tara ba, gara a hau ƙaramin jirgi a kalle shi daga ƙasa a Lysefjord.

A yinin teku na ƙarshe a karɓi lissafin kati a bi shi layi-layi. Yawancin manyan jirage suna ƙara kuɗin hidima da ya haura Yuro 10 kan kowane mutum a kowane dare, ban da abin sha da intanet da hotuna, kuma gyaran kuskure ya fi sauƙi kafin layin safe. Da dare ake fitar da akwatuna ƙofar ɗaki da alamar launin da aka raba, a bar kayan da za a sa gobe da fasfo a ciki. Saukar rukuni-rukuni tana kaiwa hantsi, saboda haka kada a sayi tikitin jirgin saman da zai tashi daga Hamburg kafin azahar.